Jakar goyo ta kanti ko zane da majanyi: wanne ya fi wa uwa amfani a Maraɗi?

Jakar goyon da masu kanti ke kira kangaru ta cika shagunan kayan jarirai a Maraɗi, daga babbar kasuwa har ƙananan kantunan unguwa. Yanzu da wuya a haɗa wa ma'aikaciya kayan barka ba a ga ɗaya a ciki ba. Wasu sabbi ne fil a kwali, yawancinsu ƙirar Sin, sun shigo ta hanyar Kano da Katsina. Wasu kuma a tulin ƴan gwanjo ake tsintar su, ƙirar Turai, sun ɗan sha jiki. Tambayar da masu jego ke yi ɗaya ce: a saya, ko a tsaya kan zane da majanyi?

Hukuncinmu shi ne, mai kyau daga cikinsu tana da amfani a wasu wurare ƙididdigaggu, mai arahar da ta fi yawa a kasuwa ba ta cancanci kuɗinta ba, akwai kuma wani nau'i guda da bai kamata ya shiga gidan da ke da jinjiri ba ko da kyauta aka bayar. Ga aikin yini kuwa, daga sharar safe har tuƙin tuwon dare, babu wadda ta kamo ƙafar zane. Dalilin ya wuce sabo da al'ada, kuma za mu zo kansa.

Wadda ta fi yawa ita ce mai ƙaramin mazauni. Igiyoyi biyu ne ke giftawa a bayan uwa, sai wani ƙyalle mai kamar ɗan kamfai da yaro ke zama a kai, faɗinsa tsakanin cinyoyi bai wuce tafin hannu ba. Ba ta da ɗamarar ƙugu. Illa biyu ke biyo bayan wannan ƙira. Yaro ba zama yake yi ba, rataye yake, duk nauyinsa ya taru a matsematsinsa, ƙafafu na reto ƙasa a miƙe. Ƙashin ƙugun jariri kuwa bai gama ƙwari ba a watannin farko, kuma zaman da ya fi masa lafiya shi ne cinyoyi a buɗe, gwiwoyi sun ɗan fi ɗuwawu tashi, kamar zaman kwaɗo. Haka likitocin ƙashi ke so, haka kuma zane ke zaunar da yaro tun kaka da kakanni, shi ya sa gocewar ƙugu ba ta yawaita a al'ummomin da ke goyo a baya kamar yadda take a inda ake naɗe jarirai ƙafafu a haɗe. Illa ta biyu ta uwa ce. Da yake babu ɗamara, nauyin duka a kafaɗa da wuya yake sauka. Jaririn da aka haifa da kilo 3 yakan ninka nauyinsa kafin wata 5 ko 6, ya kai wajen kilo 9 ko 10 a shekara guda. Tun yana kilo 6 igiyar ke fara cin kafaɗa, uwa ta riƙa tallafo shi da hannu ɗaya ta ƙasa, to ina amfanin jakar in hannu bai huta ba? Kwalin yakan ce tana ɗaukar har kilo 15, amma wannan magana ce ta ƙarfin ƙyalle, ba ta abin da bayan mutum zai jure ba.

Ta biyu ita ce mai faɗin mazauni da ɗamarar ƙugu mai kauri. Wannan kam an yi tunani kafin a ɗinka ta. Mazaunin yana kamawa daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, ɗamarar tana mayar da yawancin nauyi kan ƙugun uwa, igiyoyin kafaɗa suna da faɗi, ana iya sa yaro a gaba ko a baya. Ita ce kaɗai muke cewa a saya. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ta gwanjo mai lafiya ta fi sabuwar kwali da aka kwaikwaya. Matsalarta a garin nan ita ce zafi. An cusa mata soso a ɗamara da igiyoyi da bayan yaro, an lulluɓe da yadin roba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke kai digiri 40 har ya wuce, rabin awa ta isa bayan yaro ya jiƙe sharkaf, ƙurajen zafi su feso masa a wuya da matsematsi da bayan gwiwa. In za a saya, a nemi wadda jikinta auduga ne ko mai raga-raga a baya, mai farin launi ko mai haske, a bar baƙa da shuɗiya mai duhu komai kyanta.

Akwai mai ɗan dandamali, wadda ɗamararta ke da wani tudu mai tauri da yaro ke zama a kai a gefen ƙugu. Tana rage gajiyar hannu ga yaron da ya riga ya iya zama, amma dole hannu ɗaya ya riƙe shi, tudun kuma yana danna mara. Ta zagayen tsakar gida ce da zuwa barka maƙwabta, ba ta aiki ba.

Wadda muke hanawa gaba ɗaya ita ce mai kamar jakar ratayawa, igiya ɗaya a kafaɗa, jariri na kwance a ciki a lanƙwashe, bakin jakar ya tattare da roba. Jinjirin da wuyansa bai tsaya ba, in ya lanƙwashe haka, haɓarsa takan dafe a ƙirji, hanyar numfashi ta matse, ga ƙyalle ya rufe fuska, kuma ba ya iya kuka balle a ji. A shekarar 2010 an janye wajen miliyan ɗaya na irin wannan jaka daga kasuwar Amurka bayan mutuwar jarirai uku, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar kuma ta yi gargaɗi na musamman kan jarirai ƴan ƙasa da wata 4. Kayan da aka ƙi a can ba ɓacewa suke yi ba, wasu dilar gwanjo suke shiga. In kin gan ta a tuli, ki wuce.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin rai ne a ciki. Kangarun da ma'aikatan likita ke koya wa uwar bakwaini daban ne da jakar kanti. Wancan hanya ce da aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978: a kwantar da jariri tsirara sai ƙunzugu da hula a tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe guda, a ɗaure da zane mai laushi. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2022 ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, awa 8 zuwa 24 a yini. Da zanen auduga ake yin sa. Jakar kanti ba ta maye gurbinsa, yawancinsu ma an rubuta a jikinsu cewa ba a sa yaron da bai kai kilo 3 da rabi ba.

Ga wadda ta yanke shawarar sayen mai ɗamara, a gaban mai kanti ake gwada ta, ba bayan an kai gida ba. Ki juya ta ciki waje ki dubi inda igiya ta haɗu da jikin jakar. Ɗinki mai kyau murabba'i ne da gicciye a tsakiya, an bi shi sau biyu ko uku. In layi ɗaya ne kawai, nan ne za ta fara ɓarkewa, kuma ba ta yin sallama. Makullan roba ki danna su ki ji sun ce ƙas, sannan ki ja da ƙarfi. Wanda ya zame ko ya yi fari-fari a gefe, ko kika ga tsaga komai ƙanƙantarta, rana ta riga ta cinye shi. Wannan ya fi yawa a na gwanjo da waɗanda suka daɗe rataye a ƙofar shago. Ki ja igiya ta cikin maƙallinta ki saki, in tana sulɓewa da kanta za ta riƙa sassautawa kina tafe. Abin mannewar nan mai ƙara in an ɓare shi bai isa ya riƙe ɗamara shi kaɗai ba, domin ƙurar hunturu da zaren tufafi na cika shi ya daina kamawa, sai in akwai makulli a kansa. In da hali, a zuba hatsi tiya huɗu a buhu, wajen kilo 10 ke nan, a sa a jakar, ki zagaya da shi ki sunkuya ki tashi. Abin da zai ciji kafaɗarki bayan wata shida, a nan za ki ji shi. Ki kuma auna faɗin mazaunin da cinyoyin yaronki in kin zo da shi: ya kai bayan gwiwa, kada ya wuce har ya hana gwiwa lanƙwasawa.

Wajen sa yaro, a fara ɗaura ɗamara a saman ƙashin ƙugu, ta kama sosai. A rungumi yaro a ƙirji, a buɗe cinyoyinsa, a ɗago jikin jakar ta bayansa, a sa igiyoyin kafaɗa ɗaya bayan ɗaya hannu guda na riƙe da shi, sannan a ɗaure ɗan makullin da ke tsakanin kafaɗu. Kansa ya zo inda in kin sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa goshinsa. Yatsu biyu su shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Fuska a bayyane, ba a cikin ƙyalle ko nono ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin igiya sako-sako don tausayi, sai yaro ya zurma ƙasa ya lanƙwashe. Goyon baya da jaka sai yaro ya iya zama da kansa, wajen wata 6. Juya fuskarsa waje yana kallon hanya kuwa, kafin wuyansa ya tsaya a wajen wata 4 zuwa 5 ba a yi, bayan nan ma na ɗan lokaci ne, domin in barci ya ɗauke shi kansa gaba yake faɗawa, ga ƙura da hayaƙin babura a fuska. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta sani ɗamarar daidai kan ɗinkin take sauka, sai an yi arba'in kuma likita ya duba ya amince.

Mu koma kan zane. Shi ma ba kowane ne ke goyo ba, kuma yawancin ƙorafin da ƴan mata sabbin haihuwa ke yi cewa goyo na kwance musu, daga yadin ne. Turmin atamfa yadi 6 ne, ana fitar da zane uku, kowanne yadi 2, wato kusan mita ɗaya da santimita 80, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita. Wannan ya ishi yawancin mata. Mai jiki ta ƙara rabin yadi, domin zanen da bakinsa bai haɗu da kyau ba ba ya kafuwa. Auduga ce ke kama kanta. Atamfa mai roba santsi gare ta, ba ta shan gumi, da an kafa sai ta warware. Gane ta ba wuya: a zare zare ɗaya daga bakin yadin a kusantar da ashana. Na auduga yana ci da wuta da warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi da ke murjewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri. Sabuwar atamfa, ko Holan ce, sai an wanke ta sau biyu ko uku sitacin ya fita kafin ta yi goyo. Tsohon zanen da ya sha wanki har ya yi laushi shi ne sarkin goyo, muddin bai rube ba: a kama shi da hannu biyu a ja a tsakiya, inda ɗuwawun yaro ke zama, a ɗaga shi ga rana a ga ko ya yi shara-shara.

Majanyi na saƙi, wanda aka haɗa da ƙwaryar auduga, har yanzu babu kamarsa, domin kaushinsa ke riƙe ƙulli. In tela zai ɗinka, a ce masa tsawon mita 2, faɗin kamu guda, yadin auduga ninki biyu, a kalmashe baki. Tawul da wasu ke yi da shi yana da kauri, ƙullinsa ƙato ne mai saurin kwancewa, ga zafi. Gyale mai santsi kuwa ado ne kawai.

Yadda ake goyon, ga wadda ba ta samu mai nuna mata ba. Ki sunkuya daga ƙugu, baya a shimfiɗe, gwiwa ta ɗan lanƙwasa. Ki kama yaro ta hammata, ba ta tsintsiyar hannu ba, ki zagayo da shi ta gefe ya kwanta rub da ciki a tsakiyar bayanki, kansa tsakanin kafaɗunki. A makonnin farko wata ta ɗora miki shi, kuma a bari cibiya ta faɗi ta bushe tukuna, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Hannu ɗaya na kansa, ki yafa zane. Ga jinjirin da wuyansa bai tsaya ba, bakin zane na sama ya kai ƙeyarsa daidai kunne, hannuwansa a ciki, kansa a juye gefe hanci a sarari. Ga wanda ya yi wayo, bakin zane ya bi ƙarƙashin hammatarsa hannuwa a waje. Ki zago da bakin sama ta hammatarki, ki ja ya ɗame, ki ɗora ɗaya kan ɗaya ki naɗe ki kafa a saman nono. Sannan ki tattaro bakin ƙasa, ki tura shi ƙarƙashin ɗuwawunsa har bayan gwiwa, ki ɗan ɗaga shi sama, ki murɗa ki kafa a ƙasan nono. Majanyi ya bi ta ɗuwawu da ƙasan bayansa, a ƙulla a gaba sau biyu. Kafin ki miƙe sosai ki kai hannu baya ki taɓa ƙafafun duka biyu, su fito daidai, tafin ƙafa ba a lanƙwashe cikin zane ba.

Zane yana da nasa aibi, ba za mu ɓoye ba. Duk nauyin a ƙirji yake, kuma in kafin ya sauka a kan nonon kansa maimakon samansa, yana danne hanyoyin ruwan nono. Daga nan ne ƙullutu mai zafi ke fitowa, in aka bar shi ya zama kumburi da zazzaɓi. Maganinsa a kafa a sama, a kwance goyo duk lokacin shayarwa, a bar yaro ya tsotse ɓangaren da ya yi tauri, in zazzaɓi ya shigo ko wurin ya yi ja a tafi likita. Yaron da ya haura kilo 10 kuma yana jan zane ƙasa, sai an yi ta gyara. A doguwar tafiyar ƙasa da irin wannan yaro, jaka mai ɗamara ta fi sauƙi ga ƙirji da baya, wannan gaskiya ce.

To me ya sa duk da haka muka fifita zane? Saboda abin da ke tsakanin bayan uwa da cikin yaro. Da zane, rigarta ce kawai da tasa. Da jaka, in a baya ne, sau da yawa akwai tazara, ga igiyoyi sun ɗauke nauyin sun kai kafaɗa da ƙugu, bayan ba ya jin komai sai gumi. Bayan uwa mai goyo kuwa karatun ɗanta yake yi yini guda ba tare da ta juya ba. Ta san lokacin da barci ya ɗauke shi, domin nauyinsa na canzawa, jikin ya sake, kumatu ya kwanta a kafaɗa, sai ka ga ta rage ƙarfin taɓarya ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Ta san yunwa tun kafin kuka, daga yadda yake goga baki a bayanta yana neman abin kamawa, kuma yaron da aka ba nono kafin ya yi kuka ya fi kamawa da kyau. Ta san ya ji muryar babansa a zaure, domin ƴan yatsun ƙafarsa sun tokare ta a kwiɓi. Ta san ɗumin fitsari, ta san murɗawar ciki. Waɗannan abubuwa ba sa shiga hoton suna, babu mai yi wa uwa barka a kansu, amma da su ake sanin ɗa, kuma watannin da ake samun su ƙalilan ne. Daga ya fara tafiya zai riƙa zillewa yana neman ƙasa. Uwar da ke ganin yininta ya ƙare a wanki da girki ba ta yi wa ɗanta komai ba, ta tuna cewa duk tsawon yinin yana jin bugun zuciyarta da muryarta ta cikin ƙashin bayanta, yana jin yadda take gaida maƙwabta da yadda take taya kaya a kasuwa, da haka harshe ke fara shiga kunnensa.

Wannan karatu yana ceton rai, musamman da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika likitocin jihar Maraɗi da yara. Uwar da ta saba da ɗumin ɗanta na kullum ita ce ta farko da ke jin ya canza. Tana jin numfashi ya yi sauri a bayanta, ko wani gurnani a ƙirji, ko yaron da ya saba wutsil-wutsil ya yi laƙwas. Baya dai ba ma'aunin zafi ba ne, aikinsa ya sa ki sauke ki duba. Ki kwantar da shi ya natsu, ki ɗaga riga ki ƙirga numfashi na minti guda cur: 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5, duk alamar ciwon huhu ce. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko maɗiga ta faɗa, ko ya yi jijjiga, ko zafin jiki ya kama jinjiri ɗan ƙasa da wata 2, ba a jiran gari ya waye. Dokar ƙasa tun 2006 ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati.

Akwai haɗurran da zane da jaka suka yi tarayya a kai. Babba a garin nan shi ne dogon hijabi. Ana goya yaro, a zuba hijabin roba har ƙasa a kansa, a shiga rana. A ciki iska ba ta zagayawa, zafi na taruwa, ga shi babu mai ganin fuskarsa. In dole ne, hijabin ya zama na auduga mara nauyi, a ɗage shi ta gefe kan yaro ya fito, a kuma riƙa kai hannu ana taɓa ƙeyarsa. Ɗan ƙasa da wata 6 ba a ba shi ruwa don zafi, nono ake ƙara masa, uwa ita ta sha ruwan. A kan kabu-kabu kuwa, a tattare hijabi da bakin zane a cusa ƙarƙashin cinya, domin ƙafar babur na kama su, kuma a duba ƙafar yaro mai tsawo kada ta kai bututun hayaƙi. Adaidaita ta fi aminci, amma a ciki a sauke yaro a riƙe a cinya, kada a jingina da shi. A bakin murhu, jakar gaba haramun ce a wurinmu: yaro na tsakaninki da tukunya, talge na tsalle, mai na fantsama. Goyon baya ya fi, duk da haka in kin juya ɗaukar wani abu ƙafarsa ce ke fuskantar wuta, ga hayaƙin icce da ke cutar da huhunsa. In akwai mai riƙe shi lokacin tuƙi da suya, a ba ta. Ƴar goyon ma a duba shekarunta: yarinya ƴar shekara shida ba ta da ƙarfin da za ta tare faɗuwa, ta yi wasa da ƙanenta a tabarma ya fi.

Wajen salla zane ya fi sauƙi, domin makullai da tudun ɗamara na takura ruku'u da zama. Hadisi ingantacce ya zo cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama ƴar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauke ta. Abin lura ga mai goyo shi ne tsarkin ƙunzugu, da tallafar kan jinjiri lokacin sunkuyawa.

Inda jaka mai ɗamara ta yi fice shi ne hannun maza. Maigida ba zai ɗaura zane ba, amma da yawa sukan yarda su sa jaka su zagaya da yaro bayan la'asar, uwa ta samu ta yi wanka a natse ko ta runtsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin saye a gidan da babu kaka ko ƙanwa kusa. Tana da amfani kuma a layin awo da rigakafi, na mako 6, 10 da 14 da na wata 9, inda ake son yaro a gaba ana ganin fuskarsa, hannu na riƙe da karne, wato katin awon yaro. Haka a doguwar tafiyar mota zuwa Yamai ko Damagaram, wajen sauka da hawa a tasha da kaya a hannu. Mai tagwaye ma takan goya ɗaya da zane a baya, ɗaya a jaka a gaba, na ɗan lokaci.

Wankinta da hannu ne, da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sosai domin yaro na tsotsar igiyoyin da ke kusa da bakinsa. A shanya a inuwa, rana na busar da makullan roba su yi ƙwaras. Soson ciki yakan kwana bai bushe ba da damina, in aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna. Zane kuwa a wanke da hantsi, kafin azahar ya bushe, shi ya sa uku sun isa a riƙa juyawa. Ta gwanjo a wanke ta sau biyu kafin ta taɓa jikin yaro, kuma duk ranar da za a fita da ita a sake jan makullan a ji ƙararsu.

Wadda aka riga aka kawo mata mai ƙaramin mazauni a kayan barka, ba sai ta jefar ba. Bayan kin sa yaro a gaba kin ɗaure, ki ɗauki majanyi ki shimfiɗa shi ƙarƙashin ɗuwawunsa daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, ki ɗaga gwiwoyin su ɗan fi ɗuwawu tashi, ki zagaya da bakin majanyin ta ƙugunki ki ƙulla a baya sau biyu. Cinyoyinsa sun samu abin zama, wani kaso na nauyin kuma ya sauko daga kafaɗarki zuwa ƙugu. Da haka za ta kai ki awo ta dawo da ke har yaro ya kai kilo 7 ko 8, daga nan sai a ajiye ta a koma zane.